Tabar Manya a Aljihun Baba

Hannu biyu Baba ya sa ya karɓa. Ni ina tsaye bakin ƙofar zaure da tiren lemo, Mama tana bayan labule tana leƙe. Ɗan bututun ƙarfe ne aka miƙo masa, tsawon tafin hannu, yana sheƙi. Ya murɗe murfin, ya zazzago abin da ke ciki. Taba ce. Ba irin karan da ake sayarwa a tebur ba, mai kaurin nan ce launin ƙasa, wadda ake naɗewa da ganye zalla, 'yan Abuja suna ce mata cigar. Har da ɗan zoben takarda mai ruwan gwal a wuyanta. Na ji labule ya motsa a bayana. Na san Mama ta gani.

Wanda ya kawo ta tsohon ɗan hayarmu ne. Mutumin kudu ne, Kirista, ya zo Suleja da jaka ɗaya lokacin ina firamare, ya kama ɗakin waje a gidanmu na Kurmin Sarki yana tallan ƙwan fitila da wayar wuta. Yanzu yana da shagunan tayil a Abuja, har waje yake fita sari. Amma har gobe Lanlod yake ce wa Baba, Baba kuma yana ce masa Ɗan haya. Ya zauna a tabarma da farar shaddarsa yana ba da labarin yadda a da, in magariba ta wuce, sukan zauna a benci, Baba ya karya kara biyu ya ba shi rabi, don ya san ba shi da na saye.

"Lanlod, rabi-rabi ka yi ta ba ni," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Yau na kawo maka guda. Kar ka raba da kowa."

Abin da bai sani ba, Baba ya bar taba. Kuma ba don yana so ya bari ba.

Baba tsohon direba ne, ya yi Kaduna, ya yi Legas, yanzu ya ajiye sitiyari yana da ɗan shagon baƙin mai a Diko. Taba kuwa tun kafin a haife ni yake sha. Damina kafin wannan ziyarar tari ya kama shi, irin wanda in ya fara sai ya dafa bango. Aka kwantar da shi, aka sa masa robar iska a hanci. Likitar, wata 'yar siririya da ba ta wuce sa'ar yayata ba, ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta nuna mana. Ta ce masa ita ba ta da sabon huhu da za ta ba shi, wanda ya rage shi ke nan, in ya koma sha to ya san abin da ya zaɓa. Ya bari. Amma mu a gida ba mu saki jiki ba, don ya taɓa bari a baya har sau biyu, kuma duk ta hanya ɗaya ya koma: wani ya miƙo masa kara ɗaya, ya ce wannan kaɗai. Sati bai zagayo ba sai ka ga kwali a aljihu.

Ga shi yau kara ɗayan ya shigo har zaure, cikin bututu mai sheƙi.

Baba bai nuna wa baƙonsa komai ba. Ya shinshina ta, ya gyaɗa kai, ya sa masa albarka, ya tambayi madam da yara. Ni ne da na raka baƙon mota na faɗa masa zancen asibitin. Ya dafe kai, ya ce don me ba wanda ya kira shi lokacin da Lanlod ke asibiti, bari ya koma ya karɓo abinsa. Na ce oga kar ka soma, in ka karɓe ka ci masa fuska, kuma ma ba zai ba ka ba. Ya tafi yana ta ba ni haƙuri kamar ya take min ƙafa.

Ina komawa ciki na tarar Mama ta riga ta fito tsakar gida, ta miƙa hannu. Ta ce a ba ta ta jefa a masai yanzu-yanzu. Baba ya sa bututun a aljihun gaba ya dafe. Ni kuma da ƙaiƙayin hannu na riga na ɗauki hoton zoben tun a zaure, sai na bincika a waya. Da farashin ya fito na ɗauka kuɗin kwali ne gaba ɗaya. Na sake dubawa. Na guda ɗaya ne. Na ce musu kuɗin abin nan ya kusa na buhun shinkafa.

Mama ta janye hannunta. Masai ya fita daga maganar. Ta ce to in kai ta Abuja in sayar, a kawo shinkafar. Baba ya ce shi ba ya sayar da abin da aka ɗauko daga wata ƙasa aka kawo masa har gida.

"To Malam, sai ka zaɓa, ko ita ko gadon asibiti."

"Wa ya ce miki sha zan yi? Ajiyewa zan yi."

Ba wanda ya yarda. Mama ta koma shinshinar rigunansa kafin wanki. Ni ina aiki a shagon waya a Abuja, asuba nake bin mota, sai bayan isha'i nake ganin gida, to sai na ƙirƙiro zuwa Diko ran Asabar wai in taya shi shago. Ya san gadi na zo yi. Sai ya riƙa sa ni ɗaukar jarka mafi nauyi.

Duk wanda ya san Diko ya san ba wurin mai barin taba ba ne. Tireloli a jere, direbobi a gindin kowace inuwa, mai shayi, mai tsire, hayaƙi ta ko'ina. Kuma duk yaransa ne ko abokansa, kowa ya zo gaisuwa da kwali a hannu. Asabar ta farko ma na gani da idona. Wani direban tanka ya zauna a bencin shago, ya kunna tasa, ya miƙo wa Baba kwalin kamar yadda ya saba. Na ga hannun Baba ya tashi. Wallahi ya tashi. Sai ya wuce kwalin ya shiga aljihun gaba.

Ya fito da bututun, ya murɗe a hankali, ya ɗaga ta sama.

"Ka san kuɗin wannan? Ɗan nan, faɗa masa."

Na faɗa. Direban ya ce ƙarya ne. Na nuna masa waya.

"To mutumin da ke da wannan a aljihu ne zai sha taka?" in ji Baba. "Ni in zan koma, da wannan zan fara. Ita kuma ba a kunna ta ranar banza."

Ya kai ta hanci ya ja numfashi, ido a rufe, ya sa ta a baki ba wuta, ya ɗan juya ta, ya mayar da ita bututu. Direban ya mayar da kwalinsa aljihu, har da ɗan jin kunya.

Daga nan ta zama abin kallo a majalisarsu. Tabar manya suka sa mata. In an taru bayan la'asar sai Baba ya fito da ita ta zagaya hannu-hannu, kamar yadda ake zagayawa da kwalbar turare ran Juma'a. Kowa ya shinshina ya miƙa wa na kusa. Doka biyu ce, ba a sa mata baki, kuma mai baƙin mai a hannu ya goge tukuna. Sai musu ya tashi. Wani ya ce ganye ganye ne, an dai sa masa zobe. Wani ya ce a'a, ai an ce shekaru ake yi ana ajiyar ganyen a ɗaki na musamman. Wani ya ce to ko shekara nawa aka yi, ba toka za ta zama ba?

Wanda ya fi kowa baki a nan shi ne Kawu. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, aminin Baba ne tun suna bin manyan motoci, mutumin Tafa, kullum yana zuwa a tsohon mashin ɗinsa da ba ya tashi sai an tura. Shi bai taɓa shan taba ba, goro ne nasa. Ya ce kakansa ya noma taba a bayan gida, a ba shi yini ɗaya zai naɗo musu cike da kwando, ya ɗaura wa kowacce zoben takardar alewa. Kuma kullum sai ya tsokani Baba.

"Marowaci, kunna mana mu ga yadda buhun shinkafa ke ci da wuta."

"Ranar ba ta zo ba."

"Ba za ta zo ba. Na san ka. Kai da kake wanke tsumman goge inji ka sake amfani da shi."

Ni a lokacin ra'ayina yana wajen masu cewa wayo ne. Na ƙone data ina kallon bidiyon masu shan abin nan, wani ya ja ya lumshe ido ya ce yana jin ɗanɗanon itace, wani ya ce kofi, wani ya ce fata. Na shinshina ta Baba da kyau, ni dai warin tsohuwar jakar fata na ji, da ɗan na rumbu. Wata rana tsohon ɗan hayar ya kira ni yana tambayar jikin Lanlod, na ce oga don Allah gaya min gaskiya, me ke cikin abin nan da ya kai wannan kuɗi? Ya yi dariya ya ce shi ma in aka rufe masa ido ba lallai ya bambance ta da mai araha ba. Ya ce abin da yake saye shi ne zaman, don ba a shan ta a tsaye ko a guje, in ya kunna dole ya kashe waya ya zauna har ta ƙare, ba mai ce masa oga kwantena ta iso. Na ce a raina, mu zama kyauta muke samunsa, ko an ɗauke wuta ma ga shi nan.

Ranaku dai suka yi ta zuwa, Baba yana auna su yana cewa ba su kai ba. Sallah ta zo, ya ce ranar ibada ce, wa zai fito daga idi ya kama hayaƙi. Aka yi bikin ƙanwata, ya ce ba zai tsaya gaban surukai da abu kamar rodi a baki ba. Yayata ta haihu, jikansa na fari, gabana ya faɗi don na ga ya fito da ita tun da safe yana juyawa. Sai ya ce hannun da zai ɗauki jariri ba ya warin taba. Tarin ya yi sauƙi. Ya fara tafiya masallaci ba ya tsayawa hutu a kwana. Wata ran wanki na ga Mama ta ciro bututun daga rigar da ya cire, ta goge shi da gefen zani, ta sa a aljihun wadda zai sa. Ta ga na gan ta, ta ce in wuce in ba ta wuri.

Sai Kawu ya rasu. Ba wata doguwar jinya, zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin mu shirya zuwa dubiya aka kira. Muka je Tafa aka yi jana'iza. Baba ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Bai yi kuka ba, bai kuma ci abinci ba. Da aka yi sadakar uku muka dawo gida, bai shiga ɗaki ba, ya ja kujerar roba zuwa gindin mangwaron bayan gida ya zauna. Bayan la'asar ne. Mama tana can wajen matan gidan rasuwa ba ta dawo ba. Ya kira ni.

"Shiga kicin ka ɗauko min ashana."

Bututun yana kan cinyarsa a buɗe.

Na tsaya. Na ce Baba. Ya ɗago ya kalle ni, idonsa ja, ya ce ashana ya ce. Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san ba a yi wa uba gardama a rana irin wannan, ban ma san ta inda zan fara ba. Na tafi kicin ina jan ƙafa, ina addu'ar a ce ta ƙare. Tana nan, kwali cike. Na kawo na durƙusa na miƙa masa, a kaina ba abin da nake gani sai robar nan a hancinsa.

Ya sa tabar a baki, ya ƙyasta, ya kai wutar. Bakin ganyen ya yi baƙi. Ya ja. Ba komai. Ya sake ja har kumatunsa suka lotsa. Ashanar ta cinye ta kusa ƙona masa yatsa, ya yar. Ya ƙyasta wata. Haka dai. Ɗan hayaƙi yana tashi daga can ƙarshen, amma ko kaɗan ba ya zuwa bakinsa. Ya cire ta ya duba, ya juya ta gaba da baya.

"Kai da kake kallon su a waya, yaya ake yi da ita?"

Da zan iya cewa ban sani ba. Na yi tunanin haka. Amma ban taɓa iya yi masa ƙarya yana kallon idona ba. Na ce gefen da ake sawa a baki a toshe yake zuwa, sai an yanke kan tukuna iska take wucewa.

"A yanke?"

Na ce e, suna da ɗan almakashinsu na musamman, amma reza ma tana yi.

"Kamar ina?"

Na nuna masa da farce. Ya ƙura wa wurin ido.

"Wannan da aka yanke kuma a yi yaya da shi?"

"Zubarwa ake yi, Baba."

Ya ɗaga tabar. Ya kalli ɗan kan, ya kalle ni, kamar ni na kafa dokar.

"Mudu guda na shinkafa ke nan fa za a zubar a ƙasa tun ba a fara ba."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Na toshe baki. Sai na ga kafaɗunsa su ma suna rawa. Ya ce da Kawu yana nan da yau ba mai kwana a Diko don dariya, da ya ce ai na faɗa muku, marowacin nan ba zai iya ba. Yana faɗin haka dariyar ta juye. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ya yi mai isarsa, tabar tana hannunsa, ni ina durƙushe ina kallon ƙasa. Da ya gama ya share fuska da hular da ke gwiwarsa, ya murje bakin da ya ƙone a jikin kujera a hankali, ya mayar da ita bututu. Ya miƙo min ashanar ya ce in mayar inda na ɗauko kafin uwata ta dawo, kuma in duba ko akwai sauran tuwo.

Daga ranar zuwa yau an yi damina biyu. Bai sha ba. Ya koma asibiti dubawa, likitar ta ce ya ci gaba da duk abin da yake yi. Bai gaya mata abin da yake yi ba.

Don haka in aka tambaye ni ko tabar masu kuɗin nan ta kai kuɗinta, ban san me zan ce game da masu kunna ta ba, ban taɓa ja ba, ba na kuma niyya. Na san dai guda ɗaya da ta tsaya tsakanin ubana da duk kwalayen Diko. Da mai araha ce da tuni ta zama toka, da kwali ya biyo bayanta. Na gode wa Allah, na gode wa mutumin da ya tuna rabin kara ya ɗauko ta daga nesa, ko da bai san aikin da za ta yi ba. Har wanda ya zauna ya lafta mata wannan farashin na rashin tausayi, shi ma ina gode masa.

Matsalar yanzu, ta tsufa. Ashe abin nan ba a aljihu ake ajiye shi ba, akwati gare shi mai ɗan danshi. Zafin Suleja ya busar da ita, ganyen waje ya tsage yana ɓarewa, in ta zagaya majalisa sai ka ga ɓurɓushi a hannun mutane. Ƙamshin ma ya kusa tafiya, warin ƙuna ya fi yawa. Kwanan baya na ga Baba ya kai ta hanci ya daɗe yana nema, sannan idonsa ya bi hayaƙin wani direba har ya ɓace.

Shi ya sa jiya da na tashi aiki na shiga wani shago a Abuja inda ake sayar da su, cikin ɗaki mai gilashi da sanyi. Ni da ko shisha ban taɓa riƙewa ba. Yarinyar shagon ta kalli takalmina, ta ce akwai masu sauƙin kuɗi a ƙasa, in na fara da su ba laifi. Na ce mata mai sauƙi ba za ta yi min aiki ba, ta nuna min wadda mutum zai ji tsoron yankewa. Ta nuna min. Ta fi ta Baba tsada, kusan rabin albashina. Na ce zan dawo.

Yanzu haka ina cikin mota, mun maƙale a gosulo kafin shiga gari, ina rubuta wannan da babban yatsa. Zuciya ɗaya tana ce min Baba ya warke, ya riga ya saba, in bar tsohuwar ta ƙarasa ruɓewa ya ci gaba da kansa. Ɗayar tana tuna min hannun nan da na ga ya tashi. Kuma sabuwa sabuwa ce, ƙamshinta da ƙarfi, yanzu ya san inda ake yankewa. In ku ne, za ku sayo masa ko za ku bari?